Tambaya da Amsa: Mai Jego Za Ta Iya Ganin Likita ta Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Anguwan Rogo, nan Jos. 'Ya'yana uku, ƙaramar watanta 5. Tun da na yi arba'in na dawo ɗakina ban sake jin daidai ba. Ko jaririyar ta yi barci ni idona biyu, sai in zauna ina kuka ban san dalili ba. Makon jiya babban yarona, ɗan shekara 6, ya zubar da koko a tabarma, na yi masa dukan da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Maigidana direba ne, lodin Abuja yake yi, yakan kwana uku bai dawo ba. Surukata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Wata ƙawata kuma ta ce akwai likitocin da ake magana da su ta bidiyo a waya. Anti, gaskiya ne ko damfara? Ina tsoron a ji a unguwa a ce na haukace.
Maman Uku, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki haukace ba, kuma imaninki bai ragu ba. Abin da kika zayyana ya yi kama sosai da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Yawancin masu jego sukan yi 'yan kwanaki cikin saurin kuka da ɓacin rai, amma wannan yakan wuce cikin mako biyu. Naki ya kai watanni, ya hana ki barci, ya kai hannunki jikin yaro. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ranar rigakafi ki dubi matan da ke zaune a benci da goyo, ki san ba ke kaɗai ba ce.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya. Ana yin wannan jinya ta waya, kuma bincike ya nuna tana aiki ga damuwar da ba ta yi tsanani ba. Zama ɗaya yakan ɗauki kusan minti 50, sau ɗaya a mako. Ba nasiha ba ce irin ta "ki yi haƙuri, haka aure yake". Ƙwararriyar za ta tambaye ki barcinki, cin abincinki, wanda ke taya ki aiki. Za ta sa ki lura da tunanin da ke zuwa miki daidai lokacin da ranki ya fara tafasa, kamar "ni ba uwar kirki ba ce", ku zauna ku auna shi tare. Za ta ba ki abin yi kafin zama na gaba: idan yaro ya yi ɓarna, ki kwantar da jaririya a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida, ki ja numfashi a hankali kafin ki buɗe baki. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke shiga tsakanin fushi da duka.

Sai dai ni ba waya zan fara tura ki ba. Ki fara zuwa asibiti a duba jikinki. Ƙarancin jini bayan haihuwa, da rikicewar halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, dukansu suna jawo kasala da faɗuwar gaba da mutuwar zuciya, kuma babu wanda zai gano su ta bidiyo sai an ɗibi jini. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ko a asibitin da kike kai jaririya allura za ki iya gaya wa nas, ta nuna miki inda za ki. Daga nan waya ta zama hanyar ci gaba da jinya ba tare da kin bar yara kin hau Keke duk mako ba.

Batun damfara kuwa, tsoronki yana kan hanya. Duk wanda ya buɗe shafi a Instagram zai iya kiran kansa masani. Ki tambayi cikakken suna, inda aka yi karatu, da asibitin da ake aiki. Likitan ƙwaƙwalwa dole ya kasance da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma shi ke da ikon rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam aikinsa magana ce, ba ya rubuta ƙwaya. Wanda ya ce zai aiko miki magani bayan hirar WhatsApp, ko ya yi alkawarin warkarwa cikin mako guda, ko ya nemi kuɗin zama goma a dunƙule, ki rabu da shi. Ki nemi mace mai jin Hausa idan hakan ya fi miki, haƙƙinki ne. Damuwar da ke cikin rai da harshen uwa take fita.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da za ki zauna ki yi maganar. A gidan haya ko gidan yawa, inda labule kaɗai ya raba ki da tsakar gida, sirri yana da wuya. Ki zaɓi hantsi, bayan manyan sun tafi makaranta, ki sa iyafis, ki yi cajin waya tun dare. Idan data ba ta isa bidiyo, kiran murya ya wadatar. Kuma ki gaya wa maigidanki tun kafin ki fara. Mace tana kulle ɗaki tana waya da wanda miji bai sani ba, kin san inda zancen zai kai. Ki ce masa, "Ba ni da lafiya, ina son ka taya ni neman magani." Zai iya shiga zama ɗaya ko yana tasha a Abuja.

Surukarki kada ki yi jayayya da ita. Addu'ar da ta ce ki yi, ki riƙe ta da kyau, ki haɗa da magani. Ki roƙe ta ta riƙe miki jaririya awa biyu da rana ki yi barci, wannan ma jinya ce. Yaronki kuma ki jawo shi jikinki, ki gaya masa dukan nan bai dace ba, kina ƙaunarsa.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan tunanin cutar da kanki ko jaririya ya zo miki, ko kika fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko kika yi kwanaki babu barci ko kaɗan, ranar nan a kai ki sashen gaggawa na asibiti, kada a bar ki ke kaɗai.

TAMBAYA: Hajiya, ɗana mai shekara 15 ya daina magana da kowa, kullum yana ɗaki. Zan iya haɗa shi da irin waɗannan masana ba tare da na gaya masa ko su waye ba?
Wani Uba, Bukuru

AMSA: A'a Malam. Ranar da ya gane, ya daina yarda da kai da masanin baki ɗaya. Ka gaya masa gaskiya, ka bar shi ya zaɓi namiji ko mace, ka fita daga ɗakin lokacin zaman. Masanin ba zai kwashe hirarsu ya kawo maka ba, amma zai sanar da kai idan ya ga rayuwar yaron tana cikin haɗari. Kafin nan ka je makarantarsu ka tambayi malamin ajinsu yaushe ya fara canzawa, da su wa yake zama.