Tambaya da Amsa: Bafaranshiyar da Ta Rera Waƙa da Jamusanci

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai koyon Faransanci. Malamarmu ta kunna mana muryar wata mawaƙiyar opera, Régine Crespin, ta ce Bafaranshiya ce amma a Jamus ta yi suna. Yaya aka yi haka?

Amsa: Ƙanwata, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa, makaɗa suna bi, kuma ba lasifika. Muryar mutum ce kaɗai za ta keta kiɗan ta kai wa na kujerar ƙarshe.

An haifi Crespin a Marseille a 1927, ta girma a Nîmes inda mahaifinta yake da shagon takalma. Harhaɗa magunguna ta so ta karanta, sai ta faɗi jarrabawar gama sakandare. Wani hani ga Allah baiwa ne, don daga nan ta kama waƙa gadan-gadan har ta shiga makarantar kiɗa ta Paris.

Batun Jamus kuwa, a 1958 ne Wieland Wagner, jikan Richard Wagner, shahararren mai tsara opera na Jamus, ya kira ta Bayreuth, garin da ake bikin wasannin kakansa, ta fito a matsayin Kundry a wasan Parsifal. Lokacin ba ta iya Jamusanci ba. Sai ta samu malami ta zauna tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya har bakinta ya faɗa. Malamin nan shi ta aura daga baya. Ki tuna shekara 13 ke nan kacal da gama yaƙin duniya na biyu, ga Bafaranshiya tana rera wa Jamusawa waƙarsu a gidansu. A 1962 ta isa dandalin Metropolitan na New York.

Amma maganar malamarku da ɗan gyara: ni a Faransancinta na fi jin ta. Ko da muryarta ta samu matsala wajen 1970, ba ta ajiye ba, ta koma fitowa a matsayin da yake buƙatar murya mai kauri, irin na Carmen, tauraruwar wani wasan opera na Faransanci. Ta yi ritaya a 1989, ta rasu a Paris a 2007.

Ki nemi faifanta na 1963 na waƙoƙin Faransanci da Berlioz da Ravel suka tsara, wanda Ernest Ansermet ya jagoranci makaɗansa. Ni da dare nake sa shi. Akwai inda take sassauta murya kamar raɗa a kunne, amma kowane harafi yana fita tar. Mai koyon Faransanci irinki, ki riƙe takardar kalmomin a hannu kina bi.