Fetur ko injin gurza: me zan saya na cire tsohuwar leda da gam ɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sayi tsohon gida a Kaduna, irin kwatas ɗin ma'aikata na da. Falo da ɗakuna biyu duk ƙananan tayil ne na roba, wasu sun ɓamɓare, a ƙarƙashinsu akwai gam baƙi ƙirin kamar kwalta. Kicin kuma leda ce aka manna. Mai tayil ya ce a ɗauko hayar injin gurza, wani ɗan'uwa ya ce fetur kawai zan zuba. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ku shiga a sa'a. Amma don Allah kada ki bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu.

Bari in fara da baƙin gam ɗin, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Ɗauki awo ki gwada tayil ɗaya. Idan inci 9 ne ta kowane gefe, wato kusan santimita 23, kuma gidan ya girmi tsakiyar shekarun 1980, to akwai yiwuwar tayil ɗin da gam ɗin duka suna ɗauke da asbestos, abin nan da aka sani a tsofaffin silin. Ido ba ya tantancewa, sai gwaji a ɗakin bincike, don haka ki ɗauka yana nan. Muddin yana kwance ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar inji ya hau kansa, sai ya tashi ya zama ƙura mai siraran zaruruwa da ke maƙalewa a huhu. Cutar ba ta nuna kanta sai bayan shekara 20 zuwa 40: ko huhu ya ƙandare, ko ciwon daji. Shi ya sa Birtaniya ta haramta asbestos kwata-kwata a 1999. Takunkumin kyalle ko na takarda ba ya tare wannan ƙura. Ki tuna da yaron mai tayil da zai wuni a durƙushe yana shaƙa, da yaranki da za su yi rarrafe a wurin.

Abin yi shi ne a jiƙa ƙasan da ruwa mai ɗan sabulu, a sa faffaɗan ƙarfen nan da masu fenti ke kankare bango, a ɗaga tayil ɗaya bayan ɗaya ba tare da an farfasa ba. A zuba a leda mai kauri, a ninka biyu, a ɗaure. Banda tsintsiya, sai tsumma mai laima. Gam ɗin kuma a kankare tudunsa kawai yana jiƙe, sauran tabon a bar shi, a zuba sabon kwaɓin siminti a binne shi.

Fetur kuwa, tururinsa ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa ya rarrafa har inda risho ko gawayi yake, ko tartsatsin makunnin lantarki ya ishe shi. Ko an tsira daga gobara, narkar da kwaltar yake yi ta nutse cikin siminti, sabon kwaɓi ya ƙi kamawa. Kalanzir ma maiƙo yake bari.

Kicin ya fi sauƙi, in dai ledar ba tsohuwa ba ce mai bayan takarda ruwan toka. Irin wannan ma mai yiwuwa tana ɗauke da asbestos, don haka a jiƙa ta, kada a yage ta a bushe. In ta zamani ce, a tsaga ta da wuƙa falle-falle, faɗin taku ɗaya, a ja a hankali. Inda ta cije, shimfiɗa tsohon zane ki ɗora dutsen guga na ɗan lokaci, za ki ji gam ɗin ya saki kamar ƙaro a rana. Ragowar gam mai ruwan ɗorawa, a zuba masa ruwan zafi da garin sabulu, a rufe da tsohon tawul kamar rabin awa, sannan a kankare.

Sai in wannan ya gaza za ki shiga kasuwa. Nemi maganin cire gam da aka haɗa da man ɓawon lemo ko na waken suya, ki sayi ƙaramin gwangwani tukuna, ki gwada a kusurwa. Karanta jikinsa: in kin ga sunan sinadarin methylene chloride mai guba, mayar da gwangwanin. Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da shi tun 2019, bayan ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. A buɗe tagogi, a sa safar hannu, a wanke wurin tas bayan an gama.

Kuɗin hayar injin nan ki ƙara a siminti da yashi. Kuma kafin a zuba kwaɓin, a auna ƙasan ƙofofi, domin daɓen zai ƙara tudu, wataƙila sai kafinta ya rage su.