Windows ta ce lasisina ya kusa ƙarewa, sai na sayi mabuɗi kafin in koma 11?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Gusau. Bara na sayi laftof 'yar gwanjo, HP Core i5, da Windows 10 a kanta. Kwanan nan duk lokacin da na kunna sai wani rubutu ya fito yana cewa lasisin Windows ya kusa ƙarewa. Na kai wa mai gyara, ya ce ai Windows 10 ɗin ma ta mutu, in kawo kuɗi ya yi mata fomatin ya sa 11, ya kuma sayar mini da mabuɗi. Shin dole ne? Ayyukan mutane da ke ciki fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, dakata da maganar fomatin tukuna, kuma kada ka ba kowa kuɗin mabuɗi sai ka duba abin da ke cikin na'urar. Akwai yiwuwar lasisin da ake so a sayar maka tuni yana kwance cikin laftof ɗinka tun daga masana'anta.

Wannan rubutun da ke fito maka shi ya tona asirin. Lasisin da aka saya da kuɗi, ko wanda ya zo tare da kwamfuta, ba shi da ranar ƙarewa. Wanda ke ƙarewa shi ne na manyan ma'aikatu da jami'o'i, wanda ake kira KMS: kwamfutar tana karɓar izini na kwana 180 daga uwar garken ma'aikatar, wato babbar kwamfutar da ke raba lasisin, kuma duk mako tana komawa ta sabunta. Kamar katin shaidar ma'aikaci ne, muddin kana zuwa ofis ana sabunta maka, ranar da ka bar aikin kwanakinsa sun fara ƙirguwa. To, ko dai laftof ɗinka ta fito daga wani kamfani a Turai ko Amurka da Windows ɗinsu a kanta, ko kuma wanda ya sayar maka ya yi mata aktibetin, wato kunna lasisi, da irin manhajojin nan da ke kwaikwayon uwar garken. Na biyun ya fi yawa a kasuwanninmu.

Kana iya tabbatarwa da kanka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /xpr. Idan lasisin na dindindin ne zai faɗa, idan na wucin gadi ne zai nuna maka ranar da zai mutu. Sake buɗewa ka rubuta slmgr /dli, ka duba layin bayani. Kalmar OEM na nufin lasisin masana'anta, wanda ke manne da wannan na'urar har ƙarshen rayuwarta. RETAIL shi ne wanda mutum ya saya daban, shi kaɗai ake iya ɗauka a mayar kan wata kwamfutar. Idan ka ga VOLUME da KMSCLIENT, zargina ya tabbata.

Sai neman mabuɗinka na asali. Tun zamanin Windows 8, a 2012, manyan kamfanoni irin HP da Dell da Lenovo suka daina liƙa takardar mabuɗi a ƙasan laftof, suka koma rubuta shi cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Fomatin ba ya goge shi, canza ma'adana ma ba ya taɓa shi. Buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta wannan layin daidai yadda yake:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

Idan haruffa da lambobi 25 suka fito, biyar-biyar kashi biyar, wannan naka ne halak malak. Rubuta shi a takarda, kada ka tura wa kowa hotonsa. Shiga Settings, Update & Security, Activation, ka danna Change product key, ka shigar da shi kana haɗe da intanet.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne nau'in Windows. Mabuɗin Home ba ya buɗe Pro. Masu gyara da yawa filashi ɗaya gare su, Pro suke zuba wa kowace na'ura ko da lasisinta na Home ne, sai aktibetin ya ƙi, sai su ɗauko manhajar bogi su rufe ɓarakar. Na sha ganin laftof mai lasisi na gaskiya a cikinta tana tafiya da na ƙarya saboda wannan gangancin kawai, kuma abin yana ba ni takaici. Idan taka EliteBook ce ko ProBook, irin na ofisoshi, galibi da Pro suke zuwa, mabuɗin zai karɓu nan take. Idan kuma Home ce a BIOS, Pro a sama, nan ne sai an sake ɗora Windows daga tushe, don ba a sauka daga Pro zuwa Home ta hanyar canza mabuɗi. Ga mai buga takardu, Home ba ta rage ka da komai ba.

Ko layin nan bai fito da komai ba, kada ka yanke ƙauna. Tun fitowar Windows 10 a Yulin 2015, Microsoft ke ajiye shaidar kowace na'ura da aka taɓa yi wa aktibetin na gaskiya, tana gane ta ta babban allon ciki. Idan mai ita na farko ya yi haka, duk ranar da aka ɗora nau'in da ya dace, aka tsallake wurin tambayar mabuɗi, tana taɓa intanet za ta kunna kanta. Abin da ya daina aiki shi ne ɗauko tsohon mabuɗin Windows 7 ko 8 a buɗe sabuwa da shi, an rufe wannan ƙofar tun Satumbar 2023.

Game da mutuwar Windows 10, mai gyaran yana da rabin gaskiya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro na kyauta. Kwamfutar ba za ta ƙi tashi ba, firinta ba za ta daina bugawa ba, sai dai duk ramin da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba mai toshe shi. Kai da kowane filashin gari ke shiga na'urarka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma komawa 11 kyauta ne ga duk mai sahihin lasisin 10, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro, kuma ba a buƙatar fomatin. Shi ya sa nake so ka gyara lasisin kafin ka hau.

Abin da zai yanke hukunci shi ne shekarun furosesa, kuma sunan Core i5 kaɗai bai isa ba. Duba Settings, System, About. Lambar farko bayan i5 ita ce zubin: 8250U zubi na takwas ne, 6300U na shida (daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyu na farko ake dubawa). Windows 11 tana karɓar Intel daga na takwas zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000, tare da RAM 4GB, ma'adana 64GB, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta gaya maka abin da ya rage. Idan TPM ko Secure Boot, wani saitin tsaro na lokacin kunnawa, kawai ta yi ƙorafi a kai, sau da yawa a kashe suke a BIOS, a HP da F10 ake shiga lokacin kunnawa. Ni dai ban cika ba da shawarar 11 a kan 4GB ba, ka ƙara ya kai 8GB, za ka ji daɗin aiki.

Idan ta cancanta, kwashe ayyukan mutane zuwa wata ma'adanar waje da farko, ko da kuwa hawan ba ya goge fayil. Ka zaɓi lokacin da ka tabbatar da wuta ko ka tayar da janareta, caja a jone, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin ita ce ta fi lalata shi. Tanadi data da ta haura 6GB. Windows Update za ta kawo maka tayin da kanta. Bayan an gama kana da kwana 10 na komawa 10 idan firinta ko sikana ta ƙi, saboda haka kada ka goge jakar Windows.old a cikin kwanakin. Sannan ka shiga da asusun Microsoft naka na kanka, ba na mai gyara ba. Lasisin zai ɗaure da asusun, kuma sabbin fitowar Windows 11 kan rufe ma'adana da makullin tsaro na BitLocker su ajiye mabuɗinsa mai lambobi 48 a wannan asusun. Wanda aka buɗe masa asusu a shago bai san kalmar sirrinsa ba, ranar da na'urar ta nemi lambobin nan, fayilolinsa sun tafi.

Idan kuma zubi na shida ce ko na bakwai, akwai shirin ESU da ke ci gaba da ba Windows 10 sabuntawar tsaro har 13 ga Oktoba 2026, da dala 30, ko kyauta idan ka haɗa asusun Microsoft ka kunna ajiyar saituna. Yana buƙatar sigar 22H2 da sahihin lasisi. Ana iya tilasta 11 kan tsohuwar na'ura da manhajar Rufus, tana kuma tafiya, amma Microsoft ba ta yi alkawarin sabunta irinta ba, don haka ba zan ɗora abincin shago a kai ba.

In ya zama babu lasisi ko ɗaya a cikinta, farashin Microsoft dala 139 ne na Home, 199 na Pro. Mabuɗin da ake tallarsa da kuɗin kati galibi na ma'aikatu ne da aka raba wa mutane barkatai, ya yi aiki wata biyu a toshe shi. Manhajojin bogi kuwa sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe Defender, manhajar tsaron Windows, kuma a 2021 masu binciken tsaro sun kama jabun KMSPico, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri. Gara ka bar Windows ba aktibetin: rubutu zai zauna a kusurwar allo, ba za ka iya canza hoton bango daga Settings ba, amma Word da firinta za su yi aiki har ka tara kuɗin na gaskiya.