Tambaya da Amsa: Wa ya zana, kuma wa aka zana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na lura yawancin tsofaffin zanen fuskoki na Turai, na ƙarni na 15 da na 16, ba su da sa hannu. To, yaya masana ke gane mai zanen da wanda aka zana? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi biyu ka haɗa, kowace da hanyarta.

Ana fara juya hoton a duba katakon da aka yi zanen a kai. A arewacin Turai, inda aka fi amfani da katakon ok, ana ƙirga zoben shekarun itacen a gefen allon. Wannan yana nuna cewa ba a yi zanen kafin shekara kaza ba, iyakacinsa ke nan, domin 'yan jabu kan sayi tsohon allo su kankare su yi sabon zane. Shi ya sa ake ɗebo fenti kamar kan allura a gwada. In aka sami fentin da ake kira shuɗin Farusiya a shimfiɗar farko, magana ta ƙare, domin sai farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi.

Daga nan sai na'urar ɗaukar hoton ƙashi, irin ta asibiti. Hoton Fafaroma Juliyos na II da ke gidan zane na ƙasa a Landan ya daɗe ana masa kallon kwafin aikin Rafayel, shahararren mai zanen Italiya. A wajajen 1970 aka haska shi, sai ga makullan fafaroma a ƙarƙashin koren labulen da ke bayansa: mai zanen ya sa su, sannan ya sake shawara ya rufe. Mai kwafi ba ya sake shawara, abin da ya gani a gama shi yake bi. Aka kuma ga lamba 118 a kusurwa, wadda ta dace da rajistar 1693 ta kayan gidan Borghese, wani babban gida a Roma. Haka aka tabbatar aikin Rafayel ne.

Gano wanda aka zana ya fi wuya, kuma rubutun jikin hoto shi ne shaidar da muka fi zargi. Matar da Leonardo da Vinci ya zana riƙe da wata farar dabba mai kama da tunku, hotonta, da ke birnin Krakow na ƙasar Poland, yana ɗauke da sunan wata mata daban da wani ya rubuta daga baya. Takardu ne suka warware: a 1498 wata basarakiyar Italiya, Isabella d'Este, ta aika wa Cecilia Gallerani wasiƙa tana neman aron hotonta da Leonardo ya zana. Sunan dabbar a Girkanci, gale, ya yi kama da farkon Gallerani, kuma dabbar ita ce alamar Ludovico Sforza, mai mulkin Milan, wanda Cecilia ke farkarsa. Dabbar kaɗai ba hujja ba ce. Haɗuwarta da wasiƙar da shekarun zanen ne ya sa masana suka tsaya kan Cecilia.