Tambaya da Amsa: Ina so in haɗa tsohon layin dogon Ayalan a kan tebur, wane inji zan fara saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina aikin jinya a Galway, ƙasar Ayalan, shekara huɗu ke nan. Kwanakin baya na kai yarona gidan baje kolin 'yan jiragen ƙasa na kwaikwayo da ke Malahide, tun da muka dawo ba mu da zance sai nasu. Ina so mu haɗa namu a gida, na tsohon layin dogon ƙasar nan, ba na zamani ba. Ban taɓa yi ba, ɗakinmu ba wani girma, aljihu ma haka. Na leƙa intanet na ga OO, N, 21mm da DCC, kaina ya ɗaure. Wane inji zan fara saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi inji tukuna. Na san ba amsar da kake jira ke nan ba, balle yaron, amma ka ba ni aron kunnenka.

Abin da kuka gani a Malahide aikin Cyril Fry ne, ma'aikacin masana'antar jiragen ƙasa ta Inchicore da ke Dublin, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙera su da hannu. Kada ka auna kanka da shi. Abin da ake fara saya a wannan harka ba na kuɗi ba ne: wuri ɗaya da zamani ɗaya. Wace tasha? Wace shekara? Idan ka amsa waɗannan biyun, su za su gaya maka injin da za ka saya, da launinsa, da taragon da zai ja.

Ni ma da ka gan ni, ta baya na faro. Na tsinci wani injin dizal, samfurin da ake kira ajin 141, na hannu a wurin baje koli, ruwan lemo da baƙi, da fararen layuka biyu da tambarin IR a gefensa. Na biya ina murna. Na dawo na shafe makonni ina harhaɗa taragon shanu, na jera masa su a baya. Ranar da wani dattijon da ya yi aikin reluwe ya gani, sai ya yi murmushi ya ce injin nan bai taɓa ganin saniya ba. Gaskiya ya faɗa. Fentin da ke jikinsa na 1987 ne zuwa sama, lokacin da aka kafa Iarnród Éireann (IR), kamfanin jiragen ƙasa na Ayalan, alhali an daina dakon shanu a jirgi tun tsakiyar shekarun 1970. Injin yana nan a kan kanta har yau, shi kaɗai.

Ga zamunnan a taƙaice. Kafin 1925 kamfanoni ne barkatai, kowa da launinsa. A 1925 aka haɗe na kudu suka zama Great Southern Railways, injinansu masu tururi ruwan toka ne tun daga sama har ƙasa. A 1945 CIÉ, hukumar sufurin ƙasar, ta karɓa. Dizal ya shigo da ƙarfi a 1955 da ajin A, guda 60, sannan na General Motors daga Amurka: ajin 121 a 1961, ajin 141 a 1962. Zuwa 1963 CIÉ ta sallami tururi. Shawarata ga mai farawa ita ce 1963 zuwa 1975. Dalili kuwa, a wannan tsakanin injinan sababbi ne amma duk sauran abin na da ne: tsofaffin tasoshin dutse, ƙananan tarago masu ƙafa huɗu, dakalin lodin shanu, da taragon birki a wutsiyar jirgin kaya. Kuma injinan wannan zamani su ne aka fi samu a haɗe cikin kwali, ba sai ka kama ƙarfen walda ba. Fentin lokacin baƙi ne da ruwan lemo mai duhu da farin layi a sama, da tambari mai kama da karyayyar ƙafar keke.

Wuri kuwa, yana bayan gidanka. A kan layin Dublin zuwa Galway akwai ƙaramar tasha, Attymon, har yanzu jirgi yana tsayawa. Daga nan ne wani reshe mai tsawon mil 9 yake ballewa zuwa garin Loughrea, da tasha ɗaya a tsakiya, Dunsandle. An buɗe shi a 1890, aka rufe a 1975. Jirginsa abin sha'awa ne ga mai ƙaramin ɗaki: inji ɗaya, taragon fasinja ɗaya, sai 'yan taragon kaya a maƙale a baya, duk a tafiya guda. A shekarun ƙarshe ƙananan injinan Deutz da ake kira ajin G, da kuma ajin C, su suka fi yin aikin. Ba dole ka kwafi Loughrea ƙusa da ƙusa ba. Ka ƙirƙiri tashar ƙarshen layi irin tata, ka ba ta sunan da kake so, ka sa mata 141, domin da wuya a sami lungun CIÉ da ba su shiga ba.

Yanzu ga maganar da ta ɗaure maka kai, kuma nan ne Ayalan ta bambanta da maƙwabciyarta. Faɗin layin dogo a Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna. Na Ayalan ya fi shi: ƙafa 5 da inci 3, milimita 1,600. Asalin abin rikici ne. Layin farko, Dublin zuwa Kingstown a 1834, an shimfiɗa shi da awon Ingila. Kamfanin Ulster ya zo ya yi nasa ƙafa 6 da inci 2. Na Dublin zuwa Drogheda ya ce shi ƙafa 5 da inci 2 yake so. Da aka ga jiragen ba za su taɓa haɗuwa ba, hukuma ta raba gardama da ƙafa 5 da inci 3, doka ta tabbatar a 1846.

To, a ma'aunin OO, kowace ƙafa ɗaya ta gaske milimita 4 ce a kan tebur, wato an rage girman abu sau 76. Ka buga lissafi: biyar da kwata sau huɗu, 21. Ka ga inda 21mm ta fito. Amma layin OO da ake sayarwa a shago faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda in ka mayar da shi girman gaske zai ba ka ƙafa 4 da inci ɗaya da rabi. Ko ga jirgin Ingila ya yi ƙanƙanta, balle na Ayalan. Idan ka durƙusa ka kalli injin ta gaba, za ka ga ƙafafunsa sun shige ciki kamar ƙato a kan ƙaramar kujera.

Masu son daidai wa daida suna shimfiɗa nasu layin na 21 da hannu, su sayi dogon ƙarfen da katakon ƙarƙashinsa dabam, su haɗa ɗaya bayan ɗaya, su ƙera mararrabar layi da kansu, sannan su buɗe ƙafafun kowane inji da kowane tarago. In an gama, kyan ba ya faɗuwa. Wannan buɗaɗɗen faɗi shi ne fuskar layin Ayalan. Amma ba na ba ka shawarar farawa da shi. Na ga mutane da yawa da suka fara da 21, shekara ta zagayo ba abin da ya motsa, suka tattara suka sa a kwali. Yaro ɗan firamare ba zai jira ka shekara ba. Ka ɗauki 16.5, yadda mafi yawan masu wannan sha'awa a Ayalan suke yi. Dabarar ɓoye aibin ita ce ka ɗaga teburin ya kai kusan ƙirjinka, a riƙa kallon jirgin ta gefe. Ta gefe ba mai gane bambancin milimita huɗu da rabi.

Ma'aunin N ƙarami ne, zai so ɗakinka, sai dai kayan Ayalan a cikinsa ba su da yawa, ka bar shi. Haka ma ƙananan layukan nan masu faɗin ƙafa 3, irin na Donegal da jajayen jiragensa, ko West Clare da aka rufe a 1961, ko Tralee zuwa Dingle. Su ne suka fi kowa kyan labari, ana kuma yin su a kan layi mai milimita 12, amma kusan komai sai ka harhaɗa da hannu. Ajiye su a aiki na biyu.

Tebur. Ka sami falankin filawud mai kaurin milimita 9, tsawo mita 1.8, faɗi santimita 45, ka yi masa firam da katako a ƙasa. Ga yadda na fitar da awon: 141 bai kai santimita 18 ba, taragon fasinja wajen 25, ƙaramin taragon kaya wajen 8. Inji da taragon fasinja ɗaya da na kaya huɗu, ka sami jirgi mai kusan santimita 75. Zai shiga tasha, injin ya kwance kansa, ya zagaya ta layi na biyu ya dawo ɗaya ƙarshen. Sai ka ƙara wani falanki na santimita 90 wanda ba a yi masa ado, can ne “sauran duniya”, inda jirgi yake fitowa yake komawa. Da mararraba huɗu ka gama: biyu na zagaye, ɗaya zuwa shagon kaya, ɗaya zuwa dakalin shanu. Layin kamfanin Peco ya ishe ka. Ka shafe katakon da fenti ciki da baya kafin ka ɗora komai, musamman in a rumfar bayan gida za ka ajiye; laimar yammacin Ayalan tana lanƙwasa katako cikin hunturu ɗaya.

Wuta ba abin tsoro ba ce. Tsohon tsari, DC, waya biyu ce da ɗan akwatin murɗawa mai ba da wuta har bolt 12; ka murɗa, jirgi ya tafi. DCC kuwa kowane inji da ɗan guntun na'ura a cikinsa, kana iya tuƙa da yawa a layi ɗaya, har da ƙarar inji. Tunda inji ɗaya za ka fara da shi, DC ta wadatar. Ka dai duba kwalin a ce an rubuta “DCC Ready”, don gobe.

Sai yanzu muka iso tambayarka. Cikin kamfanonin da ke ƙera su, Murphy Models sun yi ajin 141 da 181 da 121 da taragon fasinja ƙirar Cravens. Irish Railway Models sun yi ajin A da taragon kaya iri-iri. Provincial Wagons sun yi taragon shanu da na kaya da za ka haɗa da gam, wurin koyon hannu ne mai kyau. Sabon inji yakan haura Yuro 150, kuma kasuwar ƙarama ce: ana buga adadi kaɗan, in ya ƙare sai dai na hannu, wani lokaci da tsadar da ta fi ta sabo. Saboda haka in ka ga 141 mai fentin shekarun 1960 a farashin hankali, kada ka tsaya istihara mai tsawo. In na hannu ne, ka ce a ɗora maka shi a layi, ka ga yana tafiya a hankali ba tare da tsalle ba. Gudu kowane inji yana yi, rarrafe ne gwajin.

In zuciyarka ta nace sai mai tururi, akwai wata 'yar ƙofa. A shekarun 1920 an sayo sassan injina daga Woolwich a Ingila aka harhaɗa su a Ayalan, ƙirarsu ɗaya da ajin N na kudancin Ingila (sunan ajin inji ne, ba ma'aunin N ba), wanda Bachmann suka yi samfurinsa. Fenti da lamba kawai zai nema. Amma fa hakan zai ja shekararka baya zuwa 1950 da wani abu, taragon ma su canza.

Abin da zai sa mai kallo ya ce “wannan Ayalan ce” ba injin ba ne kaɗai. Katangar duwatsu da aka jera ba siminti, irin wadda kake wucewa kullum a gabashin Galway. Ginin tasha na dutse ruwan toka. Allon sunan tasha da harsuna biyu, na Ayalan a sama, Turanci a ƙasa. Loughrea a nasu harshen Baile Locha Riach ne. Taragon kaya ruwan toka, kafin a koma ja-ja mai ruwan ƙasa wajen 1970, kuma duk da dauɗa. Don ganin ainihin yadda abin yake, ɗakin karatu na ƙasa da ke Dublin ya sa hotunan James O'Dea a intanet kyauta, tasoshin karkara fal a ciki. Tsofaffin taswirorin gwamnati masu inci 25 a mil ɗaya su ma suna intanet, za ka ga yadda aka shimfiɗa layukan kowace tasha. Ƙungiyar Irish Railway Record Society, wadda aka kafa a 1946, tana da ma'ajiyarta a tashar Heuston. Da ɗan gari akan ci gari: dattawan nan in suka ga kana so da gaske, sai ka gaji da bayani.

Yaron kuma ka ba shi aikinsa na kansa, kada ya zama ɗan kallo. Shanun roba na ma'aunin OO suna zuwa da ƙyalli kamar alewa. Ka ba shi ƙaramin buroshi ya rage musu haske, ya shafa musu taɓo a ƙafa. Zuba tsakuwar layi ma aikinsa ne: a baza da cokalin shayi, a daidaita da yatsa, a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke kwano. Mararrabar layi kaɗai za ka hana shi kusanta da gam, don in ta daskare sai dai a sayi wata.