Amsoshin tambayoyinku: gem ɗin yaƙin manyan mutum-mutumi, wanne za a saya, wanne za a bari?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan irin gem ɗin nan da mutum ke shiga cikin ƙaton mutum-mutumi, ya harhaɗa shi da kansa kamar bakanike a gareji, sannan ya fita filin daga tare da abokai ta intanet. 'Yan gem suna kiran waɗannan ƙattai "mek", ni ma haka zan riƙa kiransu don taƙaitawa. Na zaɓo guda huɗu.

Daga Kaduna, wani ɗalibi ya rubuto: "Wayar Android gare ni, ba ni da kwamfuta. Ina buga War Robots kusan wata biyu, yanzu kuma kullum kashi nake sha. Sun turo mini tayin wani sabon mek da makamansa, wai an yi ragi mai yawa. In saya? Ko in koma Mech Arena?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Kashin da kake sha yana da dalili. A makonnin farko gem ɗin yana haɗa ka da sababbin shiga irinka, da abokan karawa da kwamfuta ke tuƙawa, kana ta ci kana jin kai ne sarkin yaƙi. Da ka hau mataki sai ka faɗa cikin mutanen da suka shekara suna ɗaga darajar makamansu, wasu da haƙuri, wasu da aljihu. A daidai wannan gaɓar ne tayin ragi ke bayyana a allonka. Masu gem ɗin sun san lokacin da zuciya ke tafasa.

War Robots ya fito a 2014, kamfanin Pixonic ne ya yi shi, kuma ana karawa shida da shida. Tsofaffin 'yan wasansa sun daɗe da ƙorafi guda: sabon mek yakan fito da ƙarfin da ya fi na kowa, mutane su saya, bayan wasu watanni a rage masa ƙarfi, wani sabon ya maye gurbinsa. Kuma sayen mek ɗin somin taɓi ne. Sai ka ɗaga darajarsa, ka ɗaga ta kowane makami da ke jikinsa, ka nema masa direba. Ga shi garejinka na ɗaukar mek har biyar, kowanne da nasa bakin ci. Kamar wanda aka yi wa arahar doki ne, bai tambayi kuɗin dusa da harawa ba.

Akwai abin da za ka gwada kyauta. A yawancin karawar War Robots akwai tashoshi biyar da ake kamawa a fili, kuma ƙungiyar da ta riƙe mafi yawa ita ke cinye wa ɗaya ɓangaren maki. Sababbin shiga sukan manta da su, su bi harbi. Ka ajiye mek ɗaya mai gudu don kama tashoshi da zarar an fara, ka daina fita kai kaɗai tsakiyar fili, ka tara azurfarka, wato kuɗin cikin gem ɗin, a kan mek biyu maimakon watsa ta a kan biyar. Ka yi haka mako biyu, sannan ka sake duba tayin nan ka ga ko har yanzu yana burge ka.

Mech Arena na kamfanin Plarium ne, biyar da biyar, karawarsa gajeru ne, kuma a ganina ya fi sauƙi ga waya mai matsakaicin ƙarfi. Ga mai buga gem tsakanin lacca da lacca, ya fi dacewa. Amma shi ma shago ne da gem a ciki, irin tayin da ka guda zai biyo ka can. In lallai sai ka kashe wani abu, ka yanke wa kanka adadi a wata, wanda ba zai taɓa kuɗin handawut ko na abinci ba. Kuma ka cire katin bankinka daga Play Store bayan kowane saye, domin saye mafi muni shi ne na ƙarfe ɗaya na dare bayan an ci ka sau huɗu a jere.

Daga Zariya: "Mu huɗu ne abokai, kowa da PS4 ɗinsa. Muna so mu haɗa kuɗi kowa ya sayi Armored Core VI don mu riƙa yin mishan tare. Ya dace?"

Gara da kuka tambaya kafin ku biya. Armored Core VI, wanda FromSoftware suka fitar a watan Agustan 2023, gem ne mai kyau ƙwarai, kuma yana tafiya a PS4. Sai dai labarinsa na mutum ɗaya ne. Babu yadda za a yi ku huɗu ku shiga mishan ɗaya. Abin da ke akwai ta intanet shi ne karawa da juna, ɗaya da ɗaya ko uku da uku. Ku huɗu ne, kun ga ma lissafin bai fita ba.

Abin da kuke nema shi ne MechWarrior 5: Mercenaries. Ya fito a kwamfuta a ƙarshen 2019, ya iso PlayStation a 2021. A cikinsa mutum huɗu ne ke zama runduna ɗaya, ɗaya ya buɗe wasa sauran su shigo, ku karɓi kwangilar yaƙi, ku kwaso ganimar tarkacen abokan gaba, ku biya kuɗin gyara. Abokan gabar kwamfuta ce ke tuƙa su, don haka ko netwok ɗinku ya ɗan yi tangarɗa ba za ku ji jiki kamar masu karawa da mutane ba. Ku sa a lissafi cewa kowannenku sai ya mallaki gem ɗin, kuma kowa sai ya biya PlayStation Plus kafin ya shiga intanet da shi. Tunda shagon PlayStation ba shi da rajistar Najeriya, yawancinmu da akawun ɗin Amurka ko Ingila muke amfani, to katin saka kuɗi da za ku saya dole ya zama na ƙasar da akawun ɗinku yake. Katin dala ba ya shiga akawun ɗin fam, kuma mai sayarwa ba zai karɓi lambar da aka riga aka kankare ba.

Duk da haka kada ku bar Armored Core VI ya wuce ku. Ku sayi faifai ɗaya, ko da na hannu ne, ku riƙa zagayawa da shi. Wajen harhaɗa mek ban ga kamarsa ba. Ƙafafu kaɗai iri huɗu ne: na mutum, masu gwiwa a baya irin na jimina da ke tsalle sosai, masu ƙafa huɗu da ke iya tsayawa a iska, da masu tayar tankar yaƙi da ke ɗaukar kaya kamar tirela. Makamai huɗu kake ɗauka, biyu a hannu, biyu a kafaɗa, sannan janaretan da ka zaɓa dole ya iya ciyar da duk abin da ka ɗora. Abin da ya fi burge ni shi ne duk kayan da ka saya a shagon cikin gem ɗin, in ka mayar, kuɗinka cif za a ba ka. Saboda haka gwaji ba ya jawo asara. Akwai wani dodo a ƙarshen babi na farko, Balteus, wanda ya sa mutane da yawa suka ajiye fad, wato abin sarrafa gem a hannu, suka fita shan iska. Garkuwar lantarki ce ke kare shi, maganinta kuma yana gareji: ka koma ka ɗauko makamin da ke cin irin wannan garkuwa.

Daga Maraɗi: "Na fara MechWarrior Online a laftof. Na tara kuɗin cikin gem, kuma ina son Atlas, tunda shi ne mafi girma. Wani ya ce kada in saya. Hassada ce ko gaskiya?"

Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa. Ni ma da Atlas na fara, bari ka ji yadda ta kaya.

A MechWarrior Online, wanda Piranha Games na Kanada suka buɗe a 2013, mek aji huɗu ne bisa nauyi: ƙanana daga tan 20 zuwa 35, matsakaita 40 zuwa 55, manya 60 zuwa 75, sai ƙattai daga 80 zuwa 100. Atlas tan 100 ne, da kai mai kama da ƙoƙon kan mutum. Ana karawa goma sha biyu da goma sha biyu, kuma a wasan yau da kullum rai ɗaya gare ka. In aka kashe ka a minti na uku, sai dai ka zauna kallo ko ka fita.

Ranar da na hau nawa, na cika shi da makamai har ba masaka tsinke, na rage na'urorin sanyaya inji don in samu wurin ƙarin leza. Aka jefa mu wani fili mai aman wuta. Kafin in kai inda ake fafatawa, abokan tafiyata sun yi nisa, domin Atlas yadda yake fitowa daga shago da ƙyar yake kai kilomita 50 a awa. Na leƙo daga bayan dutse, na ga abokan gaba uku, na danna komai lokaci guda. Na sake dannawa. Ma'aunin zafi ya cika, muryar macen nan ta kwamfutar mek ta sanar da cewa inji zai mutu, allon ya yi duhu. Ga ni tan 100 a tsaye ƙiƙam kamar rumbu. Wani ɗan ƙaramin mek mai tan 20, irin masu haura kilomita 120 a awa, ya zagayo bayana inda sulken ba kauri, ya yi ta tsattsaga ni har na faɗi. Ko juyowa ban samu yi ba.

Ƙaton mek aikinsa ya sha duka a madadin runduna, ya san lokacin da za a afka, ya san fili kamar tafin hannunsa, domin in ya bi hanyar da ba ita ba, babu saurin komawa. In ya mutu a banza, ƙungiyarsa ta yi asarar babban jigo. Wannan ba aikin sabon shiga ba ne.

Ka nemi matsakaici ko babba, tsakanin tan 50 da 70. Kafin nan ma, gem ɗin yana ba da mek na aro kyauta, kuma yana ba sababbi ƙarin lada a karawa 25 na farko, to ka gwada kowane aji kafin ka kashe ladan. Wajen haɗi, ka fara cika sulke, sannan sanyaya, makamai su zo a ƙarshe. Ka zaɓi makamai masu kai nisa iri ɗaya, kada ka haɗa na nesa da na kusa da na tsakiya ka zama ba ka tsinana komai a ko'ina. Kuma ka koyi juya ƙirji bayan kowane harbi. Jikin mek kashi-kashi ne, kai, tsakiyar ƙirji, gefe biyu, hannaye da ƙafafu, kowanne da nasa sulken. Wanda ya tsaya yana kallon abokin gaba ido da ido, tsakiyar ƙirjinsa ce ke shan komai, kuma nan injin yake.

Abu na ƙarshe: a wajen zaɓen saba, wato kwamfutar kamfani da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, ka zaɓi ta Turai kawai. Daga yankinmu ita ce mafi kusa. Abin da ke kashe mu a irin wannan gem ba ƙarancin gudun saukar da fayil ba ne, jinkirin zuwa da dawowar saƙo ne, wanda 'yan gem ke kira ping. Kuma laftof ɗinka na da wata fa'ida a kan babbar kwamfuta: in an ɗauke wuta ana tsakiyar karawa, batir zai riƙe ka, muddin intanet ɗin daga waya kake jawo shi.

Daga Kano, wani mai tsohuwar Xbox 360: "Na ga faifan Chromehounds da arha. Na ji ana cewa babu gem ɗin mek da ya kai shi wajen wasan ƙungiya. In ɗauka?"

Waɗanda suka gaya maka ba su yi ƙarya ba, amma labarin da suke ba ka ya wuce. Chromehounds ya fito a 2006, FromSoftware suka yi, Sega ta fitar. Yaƙi ne guda ɗaya da ke gudana dare da rana tsakanin ƙasashen ƙirƙira uku, Tarakia, Morskoj da Sal Kar, kowace runduna ta 'yan wasa tana ƙara wa ƙasarta yanki ko ta rasa. Akwai mai leƙen asiri, akwai maharbin nesa, akwai mai igwa, akwai kwamanda mai kallon taswira. Har magana da abokanka sai kuna cikin da'irar hasumiyoyin sadarwa da kuka kama. In ka yi nisa, muryarsu ta ɗauke, kai kaɗai ne a daji.

A watan Janairun 2010 Sega ta rufe sabar. Abin da ya rage a faifan nan mishan ne na mutum ɗaya, waɗanda asalinsu horo ne don shiga wancan yaƙin. In kuɗin bai wuce na katin waya ba kuma kana son ajiye shi don tarihi, ɗauka. In don wasan ƙungiya ne, bar musu kayansu.

Ba shi kaɗai ba ne. Hawken ya rufe sabar kwamfuta a farkon 2018. Gundam Evolution, duk da girman sunan Gundam a Japan, ya buɗe a watan Satumban 2022 ya rufe a Nuwamban 2023, wata goma sha huɗu kacal, kuma duk kwalliyar da mutane suka saya a ciki ta tafi da shi. Shi ya sa duk gem ɗin da zan ba da kuɗi a kansa sai na fara tambaya: in na zare wayar intanet, me zai saura? A Armored Core VI da MechWarrior 5, labarin gaba ɗaya yana nan, ko da data ta ƙare. A War Robots, Mech Arena da MechWarrior Online, ko garejinka ba za ka iya buɗewa ba.

In kana da PS4 ko Xbox One a kusa, ka nemi faifan Titanfall 2 na 2016 a madadinsa. Na hannu ba ya tsada, kuma labarinsa na mutum ɗaya, na wani soja da mek ɗinsa mai suna BT, ana gama shi cikin awa shida ko bakwai ba tare da ka taɓa data ba.