Tambaya da Amsa: Shin ruwan rinin hoton zuciya yana lalata ƙoda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, kuma kwanan nan ƙirjinsa yana ɗaurewa idan ya yi 'yar tafiya. Likitan zuciya ya ce za a zura masa siririn bututu ta jijiya, a zuba wani ruwan rini domin a ga inda jijiyoyin zuciyar suka toshe. Wani ɗan'uwanmu ya ce ruwan yana kashe ƙoda, ga shi kuma an taɓa gaya wa Baba cewa ƙodarsa ta fara rauni. Mu yarda a yi, ko mu haƙura? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Maganar ɗan'uwanku tana da tushe, amma ba ta kai a fasa aikin ba.

Rinin yana ɗauke da sinadarin aidin, wanda shi ne ke sa jijiyoyin jini su fito sarai a hoto, kuma ƙoda ce ke tace shi ta fitar da shi a fitsari. A yayin wucewarsa yakan matse ƙananan jijiyoyin cikin ƙoda, jini ya ragu a sashen da tun asali iskar da ke isa gare shi kaɗan ce, sannan yakan taɓa ƙananan magudanan da ke tace fitsari kai tsaye. Ana gane hakan ne da gwajin jini: sinadarin kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, yana hawa cikin awa 48 zuwa 72, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 3 da 5, kuma a wurin mafi yawan mutane yana komawa yadda yake cikin mako ɗaya ko biyu. Waɗanda lamarin ke kai su ga wankin ƙoda kaɗan ne, kuma galibinsu masu tsohuwar cutar ƙoda ne mai tsanani.

Ba kowa ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. A shekarar 2004 wata likitar zuciya a Amurka, Roxana Mehran, tare da abokan aikinta sun fitar da ma'aunin da ake auna haɗarin da shi, wanda ya haɗa da raunin ƙoda, ciwon suga, shekaru sama da 75, gazawar zuciya, faɗuwar awon jini, ƙarancin jini, da yawan rinin da aka zuba. Baba yana da biyu daga ciki, don haka abu na farko shi ne ki tambayi likita lambar da ake kira eGFR, wadda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Idan ta haura 60, damuwar kaɗan ce. Idan tana tsakanin 30 da 60, ana yin shiri. Idan ta gaza 30, ya kamata likitan ƙoda ya duba shi kafin ranar aikin.

Babbar kariyar kuwa, abin da zai ba ki mamaki, ita ce ƙarin ruwa, wato ruwan gishirin nan da ake ɗaura wa marasa lafiya a kowane asibiti. An saba ba da mililita 1 ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa, na tsawon kamar awa 12 kafin aikin da awa 12 bayansa, ta yadda mai kilo 70 zai riƙa karɓar mililita 70 a awa. Idan zuciya ta yi rauni ana rage shi zuwa rabi, domin ruwan da ya fi ƙarfinta yana taruwa a huhu, shi ya sa bai dace dangi su ɗura wa mara lafiya ruwa da yawa a gida da sunan taimako ba tare da izinin likita ba. Haka nan kada ya je wurin aikin a bushe: idan yana gudawa ko amai, ko yana azumi a lokacin zafi, a sanar da likita tun da wuri.

Sauran kariyar tana hannun mai aikin. Zai zaɓi rini mai sauƙi ga ƙoda, kamar iohexol ko iodixanol, ya kuma taƙaita yawansa. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada mililitocin rinin su wuce lambar eGFR ninki uku zuwa huɗu, wato mai lamba 40 kada a wuce masa kusan mililita 120 zuwa 160. Idan ana buƙatar buɗe jijiyar da ta toshe kuma ba gaggawa, ana iya jinkirta wannan zuwa bayan wasu kwanaki don ƙoda ta huta. Shiga ta jijiyar wuyan hannu ya fi ta matsematsi sauƙi ga ƙoda, saboda zubar jini ta fi ƙaranci.

Naku aikin shi ne magunguna, kuma a nan ne na fi ganin sakaci. Ki tattara duk abin da Baba yake sha ki kai wa likita, har da na gargajiya da waɗanda ake saya a kemis ba da takarda ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ana dakatar da su kwana ɗaya ko biyu kafin aikin. Idan yana shan maganin suga na metformin, shi kansa ba ya cutar da ƙoda, amma yana taruwa a jini idan ta gaza, don haka ga mai raunin ƙoda ana ajiye shi sai bayan awa 48 da kuma sabon gwaji. Ku dage a maimaita gwajin kiriyatinin kwana 2 zuwa 3 bayan aikin ko da an sallame shi, kuma ku koma asibiti nan take idan fitsarinsa ya ragu ko ƙafafunsa suka kumbura.

Idan kuwa ciwon ƙirjin ya taso masa da ƙarfi har likita ya ce jijiyar ta toshe gaba ɗaya, ba a jiran gwajin ƙoda; ana shiga aikin ne ana ƙara masa ruwa a lokaci guda.

Tambaya: An ba yayana ƙwayar acetylcysteine kafin irin wannan aiki, ni kuma da aka yi mini ba a ba ni ba. An tauye mini haƙƙi ne? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Ba a tauye maka komai ba, Malam. An daɗe ana ba da wannan ƙwaya da zaton tana kare ƙoda, amma binciken ACT da aka yi a Brazil a kan mutum sama da 2,300, wanda ya fito a 2011, bai ga amfaninta ba. Binciken PRESERVE na 2018, a kan kusan mutum 5,000 masu raunin ƙoda, ya sake tabbatar da haka, ya kuma nuna cewa ruwan bikabonet, wani ruwan ƙari da ake ɗaurawa a madadin na gishiri, bai fi ruwan gishiri ba. Wankin ƙoda nan da nan bayan aikin don a fitar da rinin shi ma ba a ba da shawararsa. Ƙwayar da likitan zuciya zai iya ƙara maka kafin aikin ita ce ta rage kitsen jini, kamar atorvastatin ko rosuvastatin, wadda yawancin masu toshewar jijiyar zuciya ke buƙata ko ba don ƙoda ba.